Inna Ta Ba da Sunanta

Montebrano,
lokacin tsinkar inabi.

Zuwa ga ƙanena Galeotto, a tsibirin Kandiya.

Gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa daga yayarka Polissena. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zanetta da yara, ya tsare ku daga zazzaɓin bakin teku da sharrin 'yan fashin ruwa, ya kuma sa ciwon kafaɗar nan da ka ce yana tashi idan hadari ya haɗo ya ƙyale ka haka nan. Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gwiwoyina sun fara yi mini gardama a kan matakala. Baffa Spinetta kuwa ƙafarsa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, amma bakinsa garau yake: mai magani ya hana shi nama da ruwan inabi, shi kuma ya hana mai magani shiga ɗakinsa. Inabi ya yi kyau bana, zaitun ne dai ƙanƙara ta taɓa a gangaren yamma. Na sa an ɗaure maka cukun nan na tumaki da kake so, tare da busasshen ɓaure, idan matuƙan jirgi sun ji tsoron Allah za su iso gare ka.

Yanzu ka nemi wuri ka zauna, don maganar da ta sa na ɗauki alƙalami tana da nauyi, kuma gara ka ji ta daga gare ni da ka tsince ta a bakin fatake, su da ba sa barin magana ta wuce ba su ƙara mata gishiri ba. Orsolina, matar yayanka Rinaldo, ta sauka lafiya, an sami namiji. Ƙato ne mai ƙarfin murya, ya ɗauko hancin gidanmu sak, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsa. An buga ƙararrawa, an raba burodi a dandali, kowa ya yi wa sarki Rinaldo barka. Ba mu gama murna ba aka zo kan maganar suna.

Ba sai na koya maka al'adar gidanmu ba, amma na lura nisa kan sa mutum ya manta nauyin abu, don haka bari in tuna maka. Mu ba ma ƙago suna, ba ma kuma aron na mai rai. 'Yan sunayen da kakanni suka bar mana su muke juyawa, kowanne mutum ɗaya ke riƙe da shi, sai ya kwanta dama a mayar da shi a kan jaririn da ya fara zuwa, a ce wane ya dawo gida. Haka aka mayar da Baba a kan Obizzo, ɗan farin Rinaldo, haka kai ma aka mayar da ƙanin kakanmu a kanka tun ba a gama liƙe dutsen kabarinsa ba. Wanda kuwa aka mayar da sunansa, gida ya gama da shi ke nan. Za a karanta shi cikin matattu ranar addu'ar mamata, a rufe gurbinsa a kabarin gida, ko da zai zo da ƙafafunsa ya tsaya a ƙofar gari ba mai sanin da me zai kira shi, balle a buɗe masa. To, ana cikin cin abinci, a gaban Inna da Baffa da manyan gari, Rinaldo ya ajiye wuƙarsa ya ce yaron nan Galeotto za a sa masa.

Allah ya sani, ƙanena, tun ranar da ya kore ka ka fita ta ƙofar kogi ban ƙara jin sunanka a bakinsa ba sai a wannan zaman, kuma da na san a haka zan ji shi da na gwammace shirun. Baffa ya ƙware da miya. Orsolina, baiwar Allah, ta sunkuyar da kai, ashe ita ma a nan ta fara ji. Ni kuwa ka san halina, ban tsaya neman lafazi mai laushi ba. Na tambaye shi yaushe aka kawo masa gawa bai gaya mana mun yi kuka ba, ko kuwa sabuwar sarauta ce ya ƙago, wadda ake binne mutum da ruwan baftisma. Ya ce in kama bakina, nan ba kasuwar kaji ba ce. Na ce masa hancin da yake ɗaga mini ni na share masa majinarsa tun bai san ana sarauta ba. Inna kuwa ba ta fasa cin abincinta ba. Ta gama cin abin da ke gabanta, ta goge hannu, ta tashi.

Amma kada in cuce shi, don shi ma ƙanena ne kamar yadda kake. Washegari na same shi a kan ganuwa shi kaɗai, ya rame, furfura ta fara cin gemunsa. Ya ce in tuna ranar da aka binne Baba, yadda mahauta da majema suka cika dandali suna ihun sunanka alhali shi ne babba. Ya ce ya san ba kai ka sa su ba, ya daɗe da sani, amma suna ba ya neman izinin mai shi kafin ya fito daga bakin mutane. Har yau duk ranar biki, da mashaya sun yi tatul sai wani ya kwarara shi a lungu, kuma duk sanda maƙwabtanmu na hayin kogi suka so girgiza shi kan maganar iyaka, sai su aiko a tambayi lafiyar ƙaninsa na Kandiya. Idan sunan ya koma kan ɗansa, in ji shi, kowa ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe, jariri mai shan nono yake kira. Ya ce waɗansu sarakunan da wuƙa suke raba irin wannan gardama, shi bai zubar da jinin kowa ba, me kuma muke nema da shi. Na ce muna nema ya bar wa uwarsa hanyar da za ta riƙa leƙawa. Ya juya mini baya yana kallon gonaki, na gaji da tsayuwa na sauko.

Inna ta shiga wurinsa, ta fito ba ta daɗe ba. Ya sumbaci hannunta, ya raka ta har bakin ƙofa, bai janye ko kalma ba. Abin da ya ba mu sarari shi ne ruwan sama. Sarkin wani gari da zai zama uban baftismar yaron ya turo wakili, ruwa ya cinye hanyar dutse, wakilin ya maƙale a can, kuma ba yadda za a yi a sa suna ba shi. Ni na zaci Inna za ta yi amfani da wannan jinkiri ta tara masa malaman coci da dattawa. Ina! Komawa ta yi tagarta. Ka san ta da tagar nan mai kallon kasuwa, inda take zama tana sa baki a cinikin da ba nata ba, tana kiran mai kifi ɓarawo daga sama shi kuma yana cire mata hula. Ga kejin tsuntsayenta, ga takalman gashin da ba ta cirewa ko da bazara don ƙafarta ba ta shiri da sanyi, ga gasassun 'yan shila da rana. A coci kuwa da Uba Anselmo ya fara wa'azi sai ka ji numfashinta ya sauya, in ta farka ta ce ido kawai ta rufe don ta ji da kyau. Har haushinta na ji, na ce a raina tsohuwar nan ta sallama ka.

Wata ranar muna zaune muna tsince ɓauren da aka shanya, Baffa na gefe ya ɗora ƙafarsa a kan matashi, sai ta tambaye shi kamar mai neman hira, wai idan sunaye biyu suka faɗi lokaci ɗaya wanne ake fara mayarwa. Ka san Baffa, a taɓo masa maganar dangi ya fi son haka da a ba shi nama. Ya gyara zama ya ce ai wannan ko yaron goye ya sani, na sama ne ke gaba, uba kafin ɗa, uwa kafin ɗan'uwa, babba kafin ƙarami, kuma sarkin da ya tsallake mahaifiyarsa ya ɗauko wani ya jawo wa kansa abin faɗa har jikokinsa. Daga nan ya zarce, kamar yadda ya saba, ya kawo labarin wata gwaggonsu Fiordalisa da ta shiga gidan zuhudu, aka mayar da sunanta a kan wata jaririya tana nan da ranta a bayan katanga, don wadda ta shiga can ta mutu a wurin duniya, sunan da ta shiga da shi ma a bakin ƙofa take barinsa. Inna ta ce oho, ashe haka ne, ta miƙa masa ɓaure. Ni ina jin su, hankalina yana kan tsutsar da na gani a kwando.

Ai ko a mafarki ba zan kawo abin a raina ba. Matan zuhudun nan na ƙasan tudu fa ake magana, masu tafiya ba takalmi, ba nama, ba magana sai da izini, waɗanda in mace ta shiga ba ta ƙara fitowa ko a makara. Sau nawa muka ji Inna tana aika musu da mai da alkama tana cewa Allah ya ba su lada, amma ita ko gawarta aka kai can sai ta tashi ta gudo? Shi ya sa da ta ba Orsolina kejin tsuntsaye ta ce kukansu zai yi wa jariri daɗi, ban ga komai ba. Da ta ba mai kifi tsohuwar alkyabbar Baba ta ce ya rufe ƙashin haƙarƙarinsa yana ba garin kunya, dariya na yi. Ranar da labari ya zo cewa hanya ta buɗe, wakili na tafe, ta sa aka yi mata gasassun 'yan shila ta ci har da tsotsar ƙashi. Washegari da hantsi ta ce za ta sauka ta gai da Uwa Serafina, shugabar matan zuhudun, ƙawarta tun suna 'yan mata. Na ce in raka ta, ta ce in zauna da gwiwoyina na tsofaffi.

Rana ba ta kai tsaka ba muka ji ƙararrawar ƙasan tudu, bugu ɗaya-ɗaya, irin na mutuwa. Na leƙa ɗakinta don in tambayi kuyangarta wa ya rasu a can, sai na ga takalman gashin nan a jere a bakin gado. Ban san yadda na sauka tudun ba. Rinaldo ya riga ni, a ƙasa ya tafi da gudu, ba doki ba hula, mutanen kasuwa na bin sa a baya. Muka tarar da cocinsu a buɗe, mutane sun cika shi, ta cikin tagar ƙarfen da ta raba mu da su kuwa muna hangen Inna kwance rub da ciki a kan dutse, an lulluɓe ta da baƙin mayafin gawa, kyandir a kai kyandir a ƙafa, farin gashinta da aka yanke yana cikin faranti. Matan suna rera addu'ar mamata. Da suka gama Uwa Serafina ta juyo ta faɗa da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma zai ji, cewa Taddea uwar sarki ta mutu ga duniya, wadda za ta tashi daga nan 'Yar'uwa Benedetta ce. Na yi kuka, Galeotto, kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mijina.

Rinaldo ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu yana jijjigawa, yana cewa a buɗe, shi ne sarkin garin nan. Uwa Serafina ta ce sarautarsa a bakin wannan ƙarfe ta tsaya. Sai ga Inna ta taso a cikin rigar toka, ƙafa ba takalmi, ta matso. Ba ta yi masa faɗa ba, da muryar nan tata ta ciniki ta yi magana. Ta ce masa ya daina jijjiga ƙarfen mutane, ba shi ya saya musu ba. Ta ce yana neman mamaci don ya sa wa ɗansa suna, to ga shi ta samo masa na gaske, wanda aka buga wa ƙararrawa gari duka ya ji, ba na aro ba. Uwarsa ta mutu, ɗansa ba shi da suna, ita kuma tana nan za ta ga ko zai tsallake gawarta ya je ya ɗauko ɗan'uwansa mai rai. Ya ce Inna, me ya kai ki, ke da ko tabarmar coci ba kya iya durƙusawa a kai. Ta ce shi ya kai ta, amma ba ta riƙe shi da komai ba, don ta san ba ya barci. Ta zuro yatsunta ta cikin ƙarfen ta shafa gemunsa, ta ce ya tafi gida ya sa hula, ya bar tsayawa a gaban talakawansa kamar wanda aka kora daga gidan giya. Daga nan aka ja labule.

Ranar baftisma ni na riƙe yaron. Ba wanda ya san abin da Rinaldo ya yanke, don tun da ya dawo daga ƙasan tudu bai yi magana da kowa ba, kuma na riga na ƙudurta a raina idan sunanka ya fito zan miƙa wa wakili jaririn in fice, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Uba Anselmo ya tambayi sunan yaro. Wakili ya dubi sarki, Baffa ya dubi rufin coci, Orsolina ta kama hannun rigata. Sai da yaron ya fara tsala kuka, sannan Rinaldo ya ce Taddeo, wato sunan Inna a kan ɗa namiji. Muryarsa ta karye a tsakiyar sunan, sai da liman ya sa ya maimaita. A dandali mutane suka yi ta cewa uwar sarki ta dawo gida, mai kifi kuwa yana tsaye cikin alkyabbar Baba yana sharɓar hawaye. Saboda haka sunanka yana nan a kanka, kai kaɗai, kuma ranar addu'ar mamata ba za a karanta shi ba.

Na sami izinin ganinta bayan haka, idan za a kira wannan gani, don labule ne a tsakani, murya kawai ake ji. Na tambaye ta yaya take. Ta ce miyar wake ce safe da yamma, waken ma sai an yi masa kiran suna kafin a same shi a cikin ruwan, kuma ta gano matan nan ba tsarki ne ya hana su magana ba, yunwa ce. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Na tambayi ƙafafunta, ta ce in bar maganar ƙafa, waɗanda suka mutu ba sa jin sanyi. Sannan ta ce in rubuta maka kada ka kuskura ka yi mata kuka ko ka ɗora wa kanka laifi, ba kyauta ta yi maka ba, abinka ne ta hana a ɗauka. Ta ce duk ranar da Allah ya kawo ka, ka sauka ƙasan tudu tun kafin ka kwance sirdi, ka nemi 'Yar'uwa Benedetta, kuma ka faɗi sunanka da ƙarfi a bakin labulen, don kunnenta ya fara nauyi kuma tana so ta ji abin da ta saya.

Na san abin da za ka tambaya, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Rinaldo bai janye korar ba. Amma da ya ji ina haɗa kaya zuwa Kandiya bai hana ba, har ya tambayi mai dafa abinci ko cukun da aka ɗaure na bana ne ko na bara. Yakan sauka ƙasan tudu shi kaɗai, ya zauna a cocin matan nan inda ba mai ganin fuskarsa, ya dawo idonsa ja. Ƙasar ta yi laushi, ƙanena, ban taɓa ganin ta haka ba. Na san kana da gaskiya, na san ba ka yi masa komai ba, na kuma san taurin kan gidanmu, don ni ma da shi aka haife ni. Duk da haka ina roƙonka ka rubuto masa. Ba ni nake so ka amsa wa ba, shi. Ka kira shi yaya, ka yi masa barka da Taddeo, ka gaya masa da bakinka cewa ba ka neman kujerarsa, ko da ka sha faɗa a baya. Hunturu na tafe, ka kuwa san yadda dutsen ƙasan tudu yake idan dusar ƙanƙara ta sauka.

Ka gai da Zanetta da kyau, ka ce na gode da zaren alharinin da ta aiko, na yi wa jariri hula da shi. Ka shafa mini kan Ettore da Lukina, ka gaya musu suna da gwaggo mai faɗa a wani gari bisa tudu. Baffa Spinetta yana gaishe ka, ya ce tun ranar nan ya daina ba kowa labarin dangi, amma bai kai yamma ba ya karya. Orsolina ta ce in gaishe ka a asirce, Uba Anselmo kuma yana sa ka a addu'ar masu rai.

Saura magana ɗaya. Orsolina yarinya ce mai lafiya, za ta sake haihuwa, Inna kuwa ba ta da wani sunan da za ta ƙara bayarwa. Na koma wurin Baffa na tambaye shi, wannan karon ina sauraro da kyau, ya tabbatar mini babbar 'ya tana gaba da ƙaninta. Da na je ganin Inna na cire takalmina a cocin nan na taka dutsen don in ji yadda yake. Da sanyi, Galeotto, da sanyi ƙwarai. Ka rubuto wa yayanka da jirgin farko.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayarka,
wadda har yanzu ake kira Polissena.